Don Eusebio Ya Gamsu Sau Takwas

A takarda, Don Eusebio Techera ya zo asibiti sau takwas a watan Janairu, kuma duk zuwa ya fita yana murmushi. Na ga takardun da idona, ni ce ma na jera su a fayil. Mutumin kuwa ko ƙofar gidansa bai taka ba a wannan watan. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don abin yana cin raina, ni kuma mai hawan jini ce.

Sunana Nelida, nas ce a ƙaramin asibitin unguwarmu da ke bayan babban titi, shekara goma sha tara ke nan. Ɗaki biyu ne da baranda. Likita na zuwa Litinin da Alhamis, sauran kwanakin ni ce likitan, ni ce mai ba da kati, wani lokacin ni ce mai korar karnuka. Talata da Juma'a nakan ɗauki jakata in zaga gidajen waɗanda ba sa iya fitowa. Gida na uku a zagayen shi ne na Don Eusebio, Don ɗin nan laƙabin girmama dattijo ne a wajenmu.

Tsohon magini ne, shekararsa saba'in da takwas, ga ciwon suga, ga gyambo a dunduniyar hagu. Tun watan Agusta nake wanke gyambon nan. Da na fara ya kai faɗin bakin kofi, zuwa Disamba ya dawo bai fi farcen babban yatsa ba. In ina ɗaure bandeji sai ya leƙo yana dubawa kamar mai gida ya zo ganin aikin lebura.

"Yaɓen yau bai yi sumul ba, 'yata."

"To karɓi ka yi da kanka, Don Eusebio."

"Ni ai na yi ritaya. Ke dai gyara kusurwar can."

In na gama nakan rubuta kwanan wata da biro a kan filastar. Al'adata ce, ba wanda ya koya mini.

A farkon Disamba Dakta Bentancor, shugabar ƙananan asibitocin yankinmu, ta tara mu ta karanto sabon tsari. A Janairu, wanda a ƙasarmu shi ne tsakiyar bazara, lokacin da masu hutu ke cika garin har ya ninka uku, za a rufe ƙananan asibitoci uku a haɗe mu duka a babban na bakin teku. Ta haka ma'aikata za su samu hutu bi da bi. Zagayen gidaje an dakatar. Iyalin kowane maras lafiya za su sa hannu cewa za su riƙa kawo shi. In kawowar ta gagara, wani nasa zai iya zuwa da katinsa ya karɓi kayan wankin ciwo a yi a gida, kuma za a rubuta hakan a matsayin zuwa. A bakin ƙofa za a ajiye akwati da wata 'yar takarda mai fuska uku: mai murmushi, mai shiru, mai ɗaure. Ka rubuta lambar kati, ka sa alama a fuskar da ta dace da abin da ka ji. Mu ma ma'aikata za a ba mu tamu in wata ya ƙare.

Muka tafa. Ni na fi kowa tafawa, don sunana ya fito a masu hutun rabin Janairu na biyu. Shekara goma sha tara ban taɓa hutun bazara ba, kullum sai tsakiyar sanyi, lokacin da ba inda mutum zai je sai gindin murhu.

Kowa ya san abin da ake yi a garin nan in Janairu ya ƙarato. Mai gida ya kwashe komatsansa ya koma baya, ya bar wa baƙi gidan haya. Ba abin kunya ba ne, ni ma na taɓa yi. Wilmar, ɗan Don Eusebio, da matarsa Mabel sun samu wasu 'yan Ajantina da za su zauna wata guda. Su biyun suka koma gareji da firji da fanka. Tsohon kuwa, wanda ya ɗora kowane bulo na gidan da hannunsa, aka kai gadonsa ɗakin ajiyar kayan gininsa a ƙarshen tsakar gida, mai rufin kwano, aka kafa shingen kara a gaba don kada a ɓata wa baƙi kallo.

Ranar talatin ga Disamba na yi zagayena na ƙarshe. Na kawo takardar, Wilmar ya sa hannu a kan bayan motarsa ko karantawa bai yi ba.

"Talata da Juma'a," na ce. "Ba fashi. Ƙafar nan ta kusa warkewa, amma ba ta son wasa."

"Haba Nelida, minti goma ne fa a mota. Ubana ne."

Na kira Mabel ta ga yadda ake wankewa, ko da wata rana. Ta tsaya daga bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ta ce tana gani daga nan.

Talatar farko a babban asibiti ba masaka tsinke. Ga wanda rana ta ƙona wa baya, ga wanda ƙugiya ta shige wa yatsa, ga iyali guda da suka ci kifin da ya kwana. Wajen ƙarfe goma sai ga Wilmar, filas a hammata, ƙwaryar mate, shayin ganyen nan namu, a hannu, shi kaɗai.

"Ina Baba?"

"Yana gaishe ki. Zafin nan, Nelida, a fito da tsoho cikinsa ai zalunci ne. Ba ni kayan, ma yi a gida."

Na ba shi auduga da bandeji da ruwan gishiri. Akawu ta buga lambar katin a kwamfuta. A bakin ƙofa Wilmar ya tsaya ya ɗauki takardar nan, ya jingina ta da bango, ya sa alama a fuskar murmushi.

"Ko don sanyin na'urar nan kun ci a ba ku murmushi," ya ce. "Ga shi mai karɓar kaya ba ya bin layi. Da ma haka ake yi duk shekara."

Juma'a ma haka. Ranar Lahadi da safe na kasa zama, na sa rigar gida na taka zuwa can, don layi biyu ne tsakaninmu. Mabel ta tare ni tun kafin in taɓa ƙofar gaba.

"Ta lungu, don Allah. Baƙin suna da ƙananan yara. In suka ji nas na shige da fice za su ɗauka wata cuta ce a gidan."

Na bi ta lungu, na tsallake kwata, na ɗaga shingen. Ƙarfe tara na safe ne amma ɗakin ya riga ya yi zafin tanda. Don Eusebio na kwance da singileti, ƙafar a kan buhun siminti da ya daskare. A kusurwa ga bokiti an rufe da katako. Ga kayan da na ba Wilmar a kan tsohuwar baro, ƙunshi biyu, ko yage ledar ba a yi ba. Na sunkuya na duba filastar. Rubutuna ne, talatin ga Disamba.

"Kwana tara, Don Eusebio."

"Yi a hankali, baƙin ba su tashi ba."

Bandejin ya manne, sai da na jiƙa shi na ɗan lokaci. Gyambon ya koma faɗin bakin kofi, ya fara ruwa. Aikin wata biyar ya tafi a kwana tara. Na ji hawaye na neman zubo mini, na haɗiye, don bai dace nas ta yi kuka a kan ƙafa ba.

"Suna da aiki," ya ce, ban ma tambaye shi ba. "Wilmar na gasa wa baƙin nama, yana yanke ciyawa. Mabel wanki kawai ya ishe ta. Abinci kam ba sa fashi, gaskiya."

"Rediyonka fa?"

"Tana damun baƙi da rana. Da yamma ma haka."

"Kana fita ka sha iska?"

"In sun tafi teku. Amma ba kullum suke gaya mini sun tafi ba."

Da na gama ya leƙa ya duba, bai ce komai a kan yaɓe ba.

Na sami Wilmar da Mabel a gareji, fanka na kaɗawa. Na ajiye tsohon bandejin a leda a kan teburinsu, kusa da burodi, da gangan.

Mabel ta ja kujera baya. "Ni fa ba nas ba ce. Na gwada ranar Laraba, na buɗe ƙofar kawai amai ya taso mini. Kuma ba ni na sa hannu ba."

"Ni kin san ba na iya ganin jini tun ina yaro," in ji Wilmar. "Tambayi Baba."

"To ka kawo shi a yi masa."

"Motar baƙin ce ke tare tawa. Ba sa tashi sai sha biyu. In je in buga musu ƙofa? Mutanen da suka zo hutu?"

"Da ƙafa ka zo ranar Juma'a?"

"Da babur. Baba zai hau babur ne?" Ya tsotsi mate ɗinsa. "Kuma shi da bakinsa ya ce a bar shi, ba ya son wahala."

Wannan gaskiya ne, ya faɗa. Tsoho irin Don Eusebio in ya ga ɗansa na duba agogo, shi zai riga cewa a bari.

Ranar Litinin na shiga ofishin Dakta Bentancor. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, tana tuna ranar haihuwar kowa. Ta saurare ni har ƙarshe sannan ta juya kwamfuta.

"Techera, Eusebio. Ya zo sau biyu. Ya gamsu sau biyu."

"Bai zo ba, Dakta. Ɗansa ne."

"An karɓa a madadinsa. A tsari zuwa ne."

"A ba ni awa ɗaya Talata da Juma'a in je in wanke masa."

"In na buɗe miki gida ɗaya, Nelida, gida arba'in ne a jerin. Ki leƙa waje ki ga layi. Wa zan cire daga nan?"

"To motar asibiti ta ɗauko shi."

"Yana zazzaɓi?"

"Tukuna."

"In ya fara su kira, za ta je nan take." Ta miƙo mini farar takarda. "Rubuta damuwarki. Kwamiti zai zauna a Maris, irin wannan muke so mu ji."

Na rubuta. Shafi ɗaya da rabi, da kyakkyawan rubutu.

Sau biyu na ƙara komawa a makon nan, bayan tashi daga aiki, ta lungu kamar ɓarauniya. Ranar Laraba na tarar ba a kwashe bokitin ba, ƙudaje sun samu wurin zama. Ya rame, ya rage magana. Ya tambaye ni ko itacen ɓauren da ke gaban gidan ya nuna, don shi ya dasa, kuma daga inda yake ba a hangowa. Na ce ya nuna. Ya ce to Allah ya sa baƙin suna ci, kada tsuntsaye su ɓata.

Ranar Lahadi sha biyar ga wata gefen gyambon ya fara baƙi, kuma warin ya canza. Duk nas ta san wannan warin. Na wanke, na ɗaure, na rubuta kwanan wata, na fita na sami Wilmar yana hura gawayi a gaban gida, baƙin na zaune da kofuna. Na ja shi gefe.

"Wilmar, saurare ni da kyau. In likita bai ga ƙafar nan cikin kwana biyu ba, za a yanke ta. Ka gane? Yankewa."

Ya dafe ƙirji, idonsa ya kawo ruwa. Wilmar ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

"Gobe. Na rantse da kabarin mahaifiyata, gobe da sassafe. Zan ce su gyara fakin tun yau."

"Gobe zan yi tafiya."

"Yi tafiyarki hankali kwance. Kin yi mana abin da ko 'yar'uwa ba za ta yi ba."

Na kira Zulma, 'yar tsohon da ke aure a Montevideo. Ta ce wayyo Baba, ta ce ita kullum tana faɗa, ta ce Fabrairu za ta zo da kanta ta ga komai, yanzu shagonta ba mai tsare mata.

To ga nawa uzurin, tunda na kawo na kowa. Tikitin mota na jakata tun Disamba. Yayata a Tacuarembó ta gyara mini ɗaki, shekara shida ba mu haɗu ba. Na gaya wa likita, na gaya wa ɗa, na gaya wa 'ya, na rubuta shafi ɗaya da rabi. Na ce wa kaina na sauke nawa. Da na koma yi wa tsohon sallama sai ya ɗaga hannu.

"Je ki, 'yata. Kin ga yadda idonki ya faɗa? Ki gaida yayarki. Ki ci nama."

Na tafi. Kuma na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na yi barcin rana a inuwa, na tsoma ƙafa a rafi, na ƙara ƙiba. Sau biyu na kira Wilmar. Na farko ya ce za a kai shi gobe, na biyu ya ce da sauƙi sosai. Ban ce ya ba tsohon wayar ba. Na san abin da ya hana ni cewa.

Ranar ɗaya ga Fabrairu na dawo aiki. Da safe aka raba mana takardar ma'aikata mai fuska uku. Na huta, fatata ta yi kyau, ƙafafuna sun daina kumburi. Na sa alama a fuskar murmushi na jefa a akwati. Sannan na buɗe ƙaramin asibitinmu, na share ganyen da ya taru a baranda, na ɗauki jakata.

Baƙin sun tafi da safiyar ranar. Mabel na shanya zannuwan gado, ƙofar gaba a buɗe, ta ce in shigo ta nan ai yanzu ba komai.

"Mun sha fama," ta ce. "Satin ƙarshen nan sun yi ta ƙorafin wari. Mun zuba maganin wanki a kwata har galan biyu. Wilmar ya hau rufi ko mushen ɓera ne."

Ta faɗa tana kallon igiyar shanya. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban tsaya ba.

Tun daga shingen na san ba ɓera ba ne. Don Eusebio na kwance jikinsa kamar garwashi, yana hira da matarsa da ta rasu shekara goma, yana ce mata a rufe simintin hadari ya taso. Farantin abinci na jiya na gefe ba a taɓa ba, abinci kam ba su yi fashi ba. A kan baro ƙunshin kaya sun taru. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, yatsun sun yi baƙi. Na duba filastar duk da na san abin da zan gani. Sha biyar ga Janairu.

Yanzu yana zazzaɓi, don haka motar asibiti ta zo nan take, kamar yadda Dakta ta yi alkawari.

An yanke ƙafar ranar uku ga wata a babban asibitin lardi, sama da gwiwa. Muna zaune a baranda lokacin. Wilmar na kuka da gaske, kafaɗunsa na rawa.

"Da sun bar asibitin unguwa a buɗe da duk wannan bai faru ba," ya ce. "Gwamnati ce ta cuce mu."

Zulma ta iso da jakar tafiya, ta ce da an gaya mata abin ya kai haka da ta rufe shagon. Dakta Bentancor ta kira ni a waya, ta yi jaje, ta ce ta duba fayil, iyalin sun sa hannu. Mabel ba ta yi kuka ba. Ta gyara zaman jakarta a cinya ta ce, ba da ƙarfi ba:

"Nelida ai ta ga ƙafar ranar sha biyar. Ita ce ta san aikin. Ta hau mota ta tafi."

Ba ƙarya ta yi ba.

Kwamiti ya zauna a Maris. An kawo kek da soyayyen burodi, an haska zane a bango. Cikin kowane ɗari na marasa lafiya, casa'in da shida sun gamsu da haɗewar. Cikin ma'aikata goma, tara. Dakta ta ce ko ita ba ta zaci haka ba. Ta zaro wata takarda daga cikin tarin ta karanta mana abin da wani ya ƙara da hannunsa a ƙasa: ba layi, ga sanyi, ga fara'a, a riƙa yi duk shekara. Na gane lambar katin kafin ta ajiye.

Na ɗaga hannu.

"Dakta, wannan katin na Don Eusebio ne. Takwas ne irinta a nan. Ɗansa ya cika su."

"Takardar lambar kati take tambaya, Nelida. Ba ta tambayar wanda ya riƙe biro."

"Waɗanda ba su zo ba fa sam? An tambaye su?"

"Wanda bai zo ba ai ba mu yi masa komai ba, balle ya gamsu ko ya ƙi." Ta yi mini murmushi mai taushi. "Abin da ya samu Don Eusebio abin tausayi ne, amma matsalar cikin gida ce. Takardarki na nan, mun karanta, mun gode."

Wata abokiyar aikina ta taɓa ni ta ƙarƙashin tebur. Ita ce ke da hutun Janairu mai zuwa. Aka yanke shawara cewa tunda tsarin ya karɓu, bana za a fara tun sha biyar ga Disamba har ƙarshen Fabrairu. Aka tafa. Aka yanka kek.

Ni ban ce a hana ma'aikata hutu ba, na san daɗinsa. Ban ce a hana mutane ba da hayar gidajensu ba, da shi ake cin abinci har sanyi ya wuce. Abin da na sani shi ne sunaye arba'in ne a jerin zagayena da na sauran, kuma ba ko ɗaya cikinsu da ya isa bakin akwatin nan da ƙafarsa. An tambayi wanda ya ji sanyin na'ura, an tambayi wadda ta tsoma ƙafa a rafi, duk mun faɗi gaskiyarmu. Mai ƙafar yana bayan shingen kara, an hana shi ko kunna rediyo.

Jiya Juma'a, takwas ga Disamba, na je gidan. Don Eusebio na ɗakin gaba tun da aka sallamo shi, a keken guragu. Keken ba ya wuce ƙofar kicin, sai an ɗaga shi.

"Ni na gina ƙofar nan," ya ce. "Santimita saba'in cif. Ban yi lissafin keke ba, kuskuren magini ne."

Ban taɓa gaya masa zancen takardun ba. Jiya na gaya masa, ban san dalili ba. Na ce a fayil an rubuta ya zo sau takwas a Janairun da ya wuce, kuma duk zuwa ya zaɓi fuskar murmushi. Ya shafa gemu.

"Takwas?"

"Takwas."

"Ikon Allah. Ban san na ji daɗi haka ba."

Na ce masa ni ma na zaɓi tawa, guda ɗaya, kuma ni da hannuna. Ya ce ai kin huta, me za ki zaɓa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na cire masa safa don in duba ƙafar dama, kamar kullum. A dunduniya, inda take gogar ƙarfen keken, fata ta ɗan buɗe. Bai fi ƙwayar wake ba. Na daɗe ina kallo. Shi ma ya leƙo.

Na riga na mayar da hutuna watan Yuni. Na gaya wa Mabel cewa Talata da Juma'a zan zo bayan aiki, da farar rigata, ta ƙofar gaba, in baƙin sun tambaya zan gaya musu wa ke bayan shingen da kuma wa ya gina ɗakin da suke kwana. Ta ce za dai a ga yadda za a yi, don na bana sun fi na bara tsantseni. Wilmar kuwa ya riga ya sa hannu a sabuwar takardar tun ranar Talata, ya ce bana ba wasa.

Na wanke ɗan ciwon, na ɗaure. Daga tsakar gida muna jin Wilmar yana tambayar matarsa ko katifar za ta shiga ɗakin ajiyar a miƙe ko sai an karkata ta, ita kuma tana cewa bara ai a karkace ta shiga. Don Eusebio ya saurara har suka gama. Na zaro biro zan rubuta kwanan wata a filastar, sai ya riƙe mini hannu.

"Rubuta da manyan baƙaƙe, 'yata," ya ce. "Idona ya rage gani, kuma a can ni kaɗai nake karantawa."